Duniyar Nawa Take?

Ranar sadakar ukun wani maƙwabcinmu na samu wuri a ƙarshen tabarma, kusa da wani dattijo da ban taɓa gani a unguwar ba. An kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun roba na haya saboda waɗanda gwiwa ta hana su zaman ƙasa. Duk wanda ya iso sai ya durƙusa, a ɗaga hannu a yi addu'a a shafa, ya ce Allah ya jiƙansa, ya ba da haƙuri, sannan ya ja gefe. Idan shiru ya yi tsawo sai ka ji dattijon nan ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Duniya!" Daga nan ba ya ƙara ko harafi. Babu kuma wanda ya waiwaya ya tambaye shi abin da duniyar ta yi. Wani ya gyaɗa kai, wani ya ce, "Bari kawai, Baba," kowa ya koma kan carbinsa.

Mamacin bai cika shekara 50 ba. Ranar Talata a sahun gabana ya yi asuba, muka fito tare, ya ce mini zai biya ta fegin da yake ginawa ya ga ko an ba bulon da aka buga masa ruwa. Kafin la'asar mun kai shi mun dawo. Bulon na nan a jere har yanzu, damina ce ke ba shi ruwa.

Ina zaune ina sauraron dattijon, sai hankalina ya bar mamacin ya koma kan kalmar. Kalma guda, amma ta ɗauke masa wa'azi sukutum, kuma kowa a rumfar ya gane. Wace irin kalma ce wannan, kuma daga ina muka samo ta?

Ranar da ta fara ba ni mamaki ina yaro ne, a gidan kallo, an sa fim ɗin Indiya. Ba ma jin ko kalma ɗaya, da ido da hasashe muke bin labarin. Can jarumin ya shiga tasku, an raba shi da masoyiyarsa, ya hau waƙa yana hawaye, kwatsam sai ga "duniya" ta fito daga bakinsa tas, ka ce ɗan Fagge ne. Ɗakin ya kaure da ihu. Yayana ya rantse cewa a wurinmu Indiyawa suka sace ta, tare da zamani da shaiɗan, don su ma ya taɓa kama su a bakinsu. Na daɗe da yarda da shi. Ashe babu wanda ya saci ta wani. Mu da su duk aro muka yi, kuma a gida ɗaya.

Gidan shi ne Larabci. Ranar da Malam ya warware mana kalmar a zaure, abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a asalinta duniya ba sunan wani wuri ba ce, siffa ce. Tushenta haruffa uku, dalun da nunun da wawun, masu ba da ma'anar kusantowa. Balarabe in ya ce "dana" yana nufin ya matso. Abin da ya fi kusa, in namiji ne "adna", in mace ce "dunya". Awonsu ɗaya da "akbar" da "kubra", da "ahsan" da "husna", waɗanda muka raɗa wa 'ya'yanmu mata, Kubura da Husna. To yadda Kubura ke nufin wadda ta fi girma, haka dunya ke nufin wadda ta fi kusa. Cikakkiyar maganar ita ce rayuwar da ta fi kusa. Yau da gobe aka gaji da jan zance, aka yar da rayuwar, aka riƙe siffar ita kaɗai.

Masu ƙidaya sun samu kalmar sau 115 a Alƙur'ani, kuma a wasu wuraren tana nan da ma'anarta ta farko, ba ta sauya riga ba. A Suratul Anfal, inda aka kwatanta yadda rundunoni suka sauka ranar Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, Musulmi suna gefen kwarin da ke kusa da Madina, Ƙuraishawa suna ɗaya gefen. Gefen kusa da dunya aka siffanta shi, na nesa kuwa da ƙuswa, 'yar'uwar aƙsa da muka sani a sunan Masallacin Aƙsa, wato masallaci mafi nisa. Haka nan saman da aka ƙawata da taurari, a Suratul Mulk dunya aka kira ta, wato wadda ke kusa da mu. Babu zagi a ciki, babu yabo. Awon tazara ne kawai.

Amma dubi abin da ke ƙunshe a awon. Ba a cewa "mafi kusa" sai in akwai na nesa. Wanda ya ce "wannan gaɓar" ya riga ya yarda kogin na da waccan. Saboda haka kalmar nan rabin magana ce, kullum tana goye da sauran rabin ko an ambace shi ko ba a ambata ba. Ɗan jarida da ke karanta labaran duniya, da yaron da ke ihu a kan Kofin Duniya, da ma'aikacin Bankin Duniya da ke lissafin bashi, kowannensu in ya buɗe baki cewa yake "ta kusa", ko da ranar lahira ba ta faɗo masa a rai ba. Malamai kan ce duniya da lahira kishiyoyi ne, in ka faranta wa ɗaya ka ɓata wa ɗaya, kuma Hausa ta yi dace a nan, don kalmar da muke kiran abokiyar zama da ita, da ita muke kiran kalmar da ke gaba da wata a ma'ana. Muna ma da tamu ta gida mai irin wannan hali: marigayi. Wanda ya riga. Ba a riga mutum zuwa inda ba za shi ba. Duk sanarwar rasuwa da ta ce wane ya riga mu gidan gaskiya, da sunan mai sanarwar da na mai sauraro a cikinta, ba a dai karanto su ba.

Da ta bar ƙasar Larabawa, kalmar ta bi ayari da jirgin ruwa da allon almajiri. Farisawa suka ɗauka, kuma da yake Farisanci ne harshen fadar sarakunan Delhi da na Mughal na ɗaruruwan shekaru, ta wannan ƙofa ta shiga Urdu da Hindi, har ta iso bakin jarumin da ya ruɗa mu. Turkawa suka ce dunya, suka miƙa wa Girkawa da Albaniyawa a zamanin daular Usmaniyya. Fatake suka kai ta Sumatra da Malaka, ta zama dunia, haka ma a bakin tekun gabashin Afirka wurin masu Suwahili. Ibn Battuta, wanda ya bar Tanja a 1325, ya taka Mombasa da Kilwa, ya yi alƙalanci a Delhi, ya sauka Sumatra, ya dawo ya ratsa Mali har Takedda a ƙasar Nijar ta yau a 1353, kusan iyakokin kalmar nan ya zagaya da ƙafarsa. Mu kuwa ta hanyoyin da Musulunci ya bi ta iso mana, Borno daga gabas, Wangarawan Mali daga yamma, waɗanda tarihin Kano ya ce sun zo zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385.

Kowa ya lanƙwasa ta yadda harshensa ya iya. Fulanin Adamawa suka ce duniyaaru, na Futa suka ce aduna, Wolof adduna, Somaliyawa adduun, Zabarmawa ndunnya, Bambara suka matse ta ta koma dinye. Lura da waɗanda suka fara da "ad": harafin nan ne na Larabci da muke gani a goshin alƙali da albasa da alƙalami, wanda ke narkewa in ya gamu da dalun. Su sun karɓe ta da hularta. Mu kuwa duniya ta iso mana kai babu hula, kishiyarta ce ta iso da guntun tata, shi ne lam ɗin da ke farkon lahira, irin na labari da lafiya da laifi. Sannan ƙarshen kalmar ya faɗo daidai kan awon sunayenmu na mata, rijiya, tsintsiya, tunkiya, sai ta saje, muka yi mata jam'i irin namu, duniyoyi, muka tsiro da duniyanci. Yau Bamaguje na faɗinta, mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa na faɗinta, ba wanda ke jin baƙuntarta. Yarabawa sun riƙe ayé, Ibo sun riƙe uwa. Mu ma ina ganin guntun tsohuwar hanyarmu a kalmar gari: gari ya waye, gari ya yi zafi, kuma wanda ya mutu cewa muke ya ce ga garinku nan. Misirawa da duniya suke wannan aikin, in ana sanyi sai su ce duniya sanyi, in ana ruwa su ce duniya na zubar da ruwa.

Sai dai a yi hattara, ba duk mai kama da ɗan gida ne ɗan gida ba. Rashawa na kiran mace Dunya, amma taƙaita sunan Avdotya ne, asalinsa Girkanci. A Sabiya dunja sunan wani ɗan itace ne mai ƙamshi. Da yayana ya ji waɗannan da su ma ya ce sata aka yi mana.

Abin da ya fi riƙe ni ba yawan harsunan ba ne, inda suke ajiye kalmar ne. Kusan kowa a bakin ƙofa biyu ya kafa ta. Bafarishe in an haifi yaro cewa yake ya zo duniya, in ya mutu ya ce ya tafi daga duniya. Baturke ma zuwa duniya yake cewa, mutuwa kuwa ƙaura daga duniya. A Indonesiya kalmar girmamawa ta rasuwa ita ce "meninggal dunia", wato ya bar duniya, kamar daga bakin tsohuwar Katsina aka kwafo. Mai Suwahili ya ce "amefariki dunia", ya rabu da duniya, ko "ameaga dunia", ya yi wa duniya sallama. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, masu shinkafa da masu gero da masu alkama, duk sun ɗauke ta ɗaki mai ƙofar shiga da ta fita. Ba wanda ya ce an haife shi da ita, ba wanda ya ce ya tafi da ita. Wuri ɗaya na ga mun saɓa da Turkawa, har ya ba ni dariya: su in an ce mutum ya shiga gidan duniya, aure ya yi, ya natsu. Mu in aka ce yarinya ta shiga duniya, sai uwa ta ɗora hannu a ka.

Sannan akwai ƙidayar kwanaki, wadda ita ce ta hana ni barci daren sadakar ukun nan. Mutanen Iran na cewa duniya kwana biyu ce. Turkawa suka ce ta kwana uku ce. Masu Urdu da Hindi suka ce huɗu. A Azarbaijan da Uzbekistan suka ƙara ɗaya, suka ce duniyar kwana biyar. Kamar ana ciniki a kasuwa, kowa na ɗan ƙara tayi, amma duk faɗin ƙasashen nan ba a samu wanda ya kai ta mako ba. Kuma waɗannan ba maganganun malamai ba ne a kan mumbari. Maganar direba ce da mai shago, wani lokaci ma don a ce a ci a sha a huta ake faɗinsu. Ko mai neman hujjar sharholiya da gajartar kwanakin yake kafa hujja.

Bahaushe bai yanke adadi ba, tambaya ya yi: duka-duka duniyar nawa take? Ana faɗinta in an ga 'yan'uwa sun shekara ba sa ga maciji a kan kangon gado, ko in wani ya samu kujera ya manta hanyar gidan abokansa. Ba a jiran amsa. Amma in ka saurari yadda muke magana za ka ga mun daɗe da ba da ita. Rayuwa a bakinmu da kwana ake auna ta. Wanda ya kuɓuta daga haɗari yana da sauran kwana. Wanda bai kuɓuta ba ƙarar kwana ce ta same shi. Addu'ar da muke wa jariri da sarki ita ce tsawon kwana. Tsohon da ya ga jika da tattaɓa kunne, haƙora sun zube, cewa muke ai ya kwana biyu a duniya. Shekara 90 ke nan muka naɗe muka kira kwana biyu, daidai da lissafin mutanen Iran, ba tare da mun yi shawara da su ba. A Nijar kuwa cikin gaisuwa ma aka saka ta: "Ina zaman duniya?" A amsa, "Sai hanƙuri." Zama, irin na baƙon da bai kwance kaya ba.

In kana son adadin da gaske, ɗauki alƙalami. An ruwaito cewa shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne da 70, kaɗan ke haurawa. Ba kanka 70 cif, kada ka rage ko ɗaya. Sau 365, kwana 25,550 ke nan. Da kowane kwana naira ɗaya ne, duk rayuwar ba ta sayi buhun shinkafa a kasuwar yau ba. Cire sulusi na barci, ya haura shekara 23. Cire ƙuruciyar da ba ka san kanka ba, da tsufan da gwiwa za ta mayar da kai kan kujerar roba. Abin da ya saura a tafin hannunka shi ne ake wa wannan rantsuwar, da wannan shari'ar, da wannan gabar. Ni da nake rubutun nan na kashe fiye da rabin nawa kuɗin, kuma in aka ce in kawo rasit, na 'yan kwanaki kaɗan zan iya nunawa.

Wasu malaman lugga sun jingina kalmar ga wani tushe mai kama da na farko, wanda ke nufin ƙasƙanci, kuma "adna" kanta takan zo da ma'anar mafi ƙaranci. Masu wa'azi sun fi son wannan fassarar, don ta fi kaifi. Waƙoƙin wa'azin da Shehu Usmanu da almajiransa da 'yarsa Nana Asma'u suka bari, da na bayansu irin Imfiraji na Aliyu Namangi, cike suke da kashedi a kanta. Da yake kalmar mace ce a Larabci, mace ce a Hausa, sai aka yi ta zana ta da siffar mace: tsohuwa mai kwalliyar yaudara, mai aure da yawa da ba ta bar miji ko ɗaya da rai ba. Karin maganarmu ya bi sahu. Budurwar wawa. Mace da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Birgimar hankaka, in ka ga fari ka ga baƙi. Wataƙila shi ya sa Larabawan Maroko da mutanen Iran ke raɗa wa 'ya'yansu mata Dunya don daɗin sunan, mu kuwa ko a mafarki liman ba zai raɗa shi ba. Ɗan duniya a wurinmu ba yabo ba ne.

A Bagadaza an yi wani malami da sunansa ya zama abin tunani, Ibnu Abid Dunya, wanda ya rasu shekara ta 281 bayan Hijira. Shi ke koyar da 'ya'yan halifofin Abbasiyya, yana shiga fadar da ta fi kowace dukiya a zamaninsa, sannan ya koma gida ya rubuta littafi a kan zargin duniya, da wani a kan gajarta buri. Duniya na cikin sunansa, tana gaban idonsa kullum, ita kuma ya ƙare rayuwarsa yana gargaɗi a kanta. Can gabashin Afirka, kusan zamani ɗaya da jihadin Shehu, Sayyid Abdallah bin Ali bin Nasir ya dubi kangayen Pate, tsibirin da ke kusa da Lamu a Kenya ta yau, garin da attajiransa suka yi zamani da cinikin teku, ya ga jemagu da mujiya sun gaje ɗakunan, ya tsara waƙar Al-Inkishafi yana yi wa zuciyarsa faɗa. Shi da masu waƙar wa'azin Sakkwato ba su san juna ba, kalma ɗaya suke kokawa da ita. Mutanensa har yau suna cewa duniya busasshen itace ce, kada ka jingina. Mu muka ce rumfar kara.

Duk da haka ni na fi karkata ga ma'anar kusanci, kuma ba don ta fi taushi ba. Zagin duniya abu ne mai araha. Na sha ganin wanda ya fi kowa iya zaginta ya fi kowa damƙe ta. Na ga wanda ya zauna a gaban matar ƙaninsa tana takaba yana ce mata duniya ba komai ba ce, takardun filin marayun kuwa suna aljihunsa. In aka ce duniya ƙazanta ce, kowa sai ya ɗauka da maƙwabcinsa ake, mai mota da bene. In aka ce ta kusa ce, ba mai tsira, don talaka ma yana da abin da ke kusa da shi, ya tsare masa gani. Ɗaga babban yatsanka ka kawo shi dab da ido, sai ya rufe maka dutsen Dala ɗungurum. Yatsan bai yi laifi ba, bai kuma girmi dutsen ba. Da shi kake cin tuwo, da shi kake jan carbi, da shi kake dangwala wa mutum ƙuri'a. Gonar lahira ma ai a nan take, ba a wani wuri ba.

Kusancin nan shi ne kuma ya bayyana mini saurinta. In ka taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau a kujerar taga, ka san abin da nake nufi. Abin da ke bakin titi ba ya tsayawa a ido: turken lantarki, mai tallan rake, akuya, yaro da ke ɗaga hannu, kafin ka ce me ne wannan ya koma baya. Dutsen Kwatarkwashi kuwa tun daga nesa za ka hango shi a tsaye kamar ba a nufe shi ba. Ka sunkuya ka duba waya, ka ɗago, yana nan inda yake. Ka yi gyangyaɗi ka farka, yana nan. Har ka saki jiki cewa da sauran tafiya. Ba za ka iya nuna minti ɗaya da ka ga ya matso ba, sai dai kawai ka ga inuwarsa ta rufe motar, kana ɗaga kai ba ka ganin ƙarshensa. Haka maƙwabcina ya yi lissafin bulo da asuba.

Sarakunan da suka fi mu ƙarfi sun so su haɗa kishiyoyin biyu a ɗaki ɗaya, har a cikin laƙabinsu. A kan kuɗi da jikin gine-gine za ka ga wane "na duniya da addini". Cikakken laƙabin wanda ya karɓo Ƙudus a 1187 shi ne Salahud Dunya wad Din, gyaran duniya da addini. Ya mulki Masar da Sham, dukiyar ƙasashe ta bi ta hannunsa. Da ya rasu a Dimashƙu a 1193, alƙalin rundunarsa Ibnu Shaddad ya rubuta cewa abin da aka tarar a taskarsa dirhami 47 ne da dinari ɗaya, har sai da aka ci bashi aka yi masa sutura. Kyauta ta cinye sauran. Bakunan mutane kuma suka yi wa sunan abin da suka saba, suka gajarta shi. Yau daga Kano har Jakarta Salahuddin ake cewa. Duniyar ce ta faɗi daga tsakiyar sunan, kuma ban taɓa jin wanda ya lura da giɓin ba.

Wani abin da ke sa ni shiru shi ne, kalmar da aikinta ke nan ta ce komai mai wucewa ne, ita ta ƙi wucewa. Bakin da ya fara furta ta a Kano ya zama ƙasa shekaru ɗaruruwa. Wangarawan sun tafi, Yaji ya tafi, Sarki Rumfa da ya gina gidan sarauta ya tafi, masu ayarin da suka ce "duniya" a rijiyoyin Azbin da ƙishirwa a maƙoshi ba a san ko sunansu ba. Kowane ƙarni ya tarar da ita a bakin iyayensa, ya yi ta juya ta, ya ce duniya sabuwa ranar da ya samu, ya ce duniya ta yi masa zafi ranar da ya rasa, ya ci ta da tsinke in ta ba shi dama, sannan ya ajiye ta a bakin 'ya'yansa ya wuce. Yanzu har mun ba ta sabon aiki, muna cewa duniyar wata da duniyar Mars, muna kiran abu mafi nisa da sunan kusa. Jaririn da aka yi wa huɗuba yau zai koye ta kafin ya shekara biyar, ba zai kuma san nauyinta ba sai ranar da ya zauna a irin rumfar da na zauna.

Da rana ta yi sanyi aka shafa addu'ar ƙarshe, mutane suka fara neman takalma. Dattijon ya dafa kafaɗata ya miƙe da ƙyar. Na ce, "Baba, daga nesa kuke?" Ya ce daga ƙauye ya zo, shi ne ya yi wa mamacin kamun hannu ranar da aka kai shi makarantar allo, yana kuka yana turjewa. Ya ce, "Ɗana, jiya-jiyan nan fa." Na raka shi bakin titi ya hau babur, gobe kasuwar garinsu ke ci, yana da awaki biyu da zai kai.

Ina dawowa na tarar masu rumfa sun iso da a-kori-kura, sun fara kwance ƙarafa. Wani yaro na ɗora kujeru goma-goma yana ƙirgawa da ƙarfi, ya ce saura ɗaya, ƙanin mamacin ya ce ai haka aka kawo su, gardama ta ɗan tashi har sai da aka gano ta a soro, wata tsohuwa na kai. Direban na ta danna ham. Ya leƙo ta taga ya ce don Allah a hanzarta, a layin baya ake jiran kayan, gobe da sassafe akwai suna.